Yadda Watanda Ta Kai Ni Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi da daɗin rai ba a teburin bakin tasha. Da na zauna sai wani ya ce, "Injiniya, ya teku?" wani ya ce, "An buɗe maka hanyar?" sai su kwashe da dariya tun ban amsa ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai cewa wai na tsallake Sakkwato da ke nan kusa, na tafi bakin teku neman lafiyar tsohona. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Mu uku ne ke sayar da intanet a wannan yanki: ni Nasiru a Talatar Mafara, Bawa a Bakura, sai Alhaji Mande a Maradun. Kowa da dogon ƙarfensa na eriya, kowa da kamfanin da yake sayen layi a hannunsa. Duk na'urar da ke intanet tana bukatar adireshi kamar yadda gida ke bukata, tsoffin adireshin kuwa waɗanda suka riga mu farkawa sun wawashe su tuni. Abin da ake ba irinmu shi ne ƙofa ɗaya da jama'a da yawa ke raɓe a bayanta. Kai za ka iya fita, amma wani daga waje ba shi da yadda zai yi ya yi sallama a ƙofar ɗakinka. Sabon tsarin adireshi, wanda a sana'armu ake kira IPv6, shi ne mai yalwa. Sai muka haɗa kai mu uku muka karɓo curi guda.

Haɗin kan ya mutu ranar da curin ya iso. Babu wanda ya yarda ya zauna a hannun wani. Da gardama ta yi tsawo sai muka kai magana wurin Baba, mahaifina, tsohon mahauci, wanda duk watandar da za a yi a unguwarmu da salla shi ake kira ya kasa nama, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce an ƙware shi ba. Ya saurare mu yana kan buzunsa, ya ce, "Abin ga naku, shina rabuwa?" Na ce yana rabuwa biyu, kowane rabi kuma ya rabu biyu, amma ba ya rabuwa uku daidai. Ya ce, "To mi ar rigima? Kashi ukku na masu sa. Na huɗun kai da ƙahwa na, na mahauci." Mahaucin kuwa ni ne, tunda ni zan zauna gaban kwamfuta in yanka. Alhaji Mande ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce shi bai taɓa ganin sa a cikin kwamfuta ba balle mahauci. Tun daga ranar sai gaisuwar nesa. Kowa ya ɗauki kasonsa ya miƙa wa kamfaninsa ya shelanta wa duniya cewa ga hanyar da ake bi a iske shi.

Ana haka ƙafafun Baba suka soma kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garinmu tana da ɗan asibitinta, ita ke duba shi. Ƙanenta likitan zuciya ne a Turai, ya aiko mata da na'urar hoton zuciya, irin wadda shi zai shigo daga can yana kallo kai tsaye, yana gaya mata inda za ta ɗora hannu. Ya ce ba zai sauya wa Baba magani ba sai ya ga zuciyar tana aiki. Masu cewa me ya sa ba mu ɗauki hoto da waya mun tura ba, mun tura. Ya ce mahauci ba ya sayen sa daga hoton wutsiya. Masu cewa Sakkwato kuwa, ku je ku gaya wa Baba da bakinku. Ni da na gwada, cewa ya yi abokansa da aka kai can duk a kwance aka dawo da su. "In mutuwa ta, ta iske ni bisa buzuna."

Na ba na'urar Sista adireshi daga cikin kasona, ina ta hura hanci. Abokina na Gusau ya gwada, ya shigo. Wani a Legas ya gwada, ya shigo. Likita ya gwada daga Turai, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kamfanina suka ce su daga wajensu lafiya lau. Na rubuta wa babban kamfanin da layin likita ke bi ta kansa, wata na'ura ta amsa mini tana gode mini bisa haƙurina. Ni kuwa ɗan Najeriya ne, na san inda duk hanya ta toshe akwai mutum zaune a bakin shinge. Da na ji injiniyoyin manyan kamfanonin nan za su yi taro a Kwatano ta ƙasar Binin, sai na ce zan je in ga mai shingen ido da ido.

Na fara zuwa Maradun da hantsi, don kowa ya san ba hanyar da ake bari yamma ta yi ba ce. Alhaji Mande ya bar ni tsaye har ya gama duba wayarsa, sannan muka yi gaisuwar da ta tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa, ba tare da ɗayanmu ya kalli ɗaya ba. Na gaya masa abin da ake ciki. Ya ce, "Ni dai layina lahiya lau. Alhakin kashi na huɗu na ka bin ka." A raina na ce ai kai ma daga waje ba a iske ka, sai dai ba wanda ke neman Maradun daga Turai balle ka sani.

Bawa na Bakura shi ya fi tausayi, ya kuma fi rashin amfani. Ya ce shi tun farko ya san Turawa ba sa ƙaunar ganin talaka da adireshin kansa. Ya sa aka ɗauko mini rabin buhun albasa in kai wa mai shinge. Baba kuma ya sa aka yi mini kilishi ɗauri guda mai kauri, ya ce, "Tahi da shi. Ban ga shingen da kilishi bai buɗe ba." Haka na bar gida, kwamfuta a baya, albasa a kai, kilishi a hammata.

Daga Sakkwato zuwa Jega har iyaka ta wajen Kebbi, maganar Baba ta yi ta tabbata, kilishin kuma ya yi ta ramewa. Ba wanda ya ƙwace mini, kada in ɗauki alhaki. Hanci ne kawai ke jawo mai kaki zuwa tagar da nake, ya ce, "Alhaji, me ke ƙamshi haka?" ni kuma in ji kunya in yago masa. Direba ya lura ana sakinmu da wuri, sai ya maido ni kujerar gaba.

A bakin iyaka wani jami'i ya tambaye ni abin da zai kai ni ƙasarsu. Na ce zan je a buɗe mini hanyar intanet. Sai fuskarsa ta washe, ya zaro wayarsa ya ce tasa ma ta toshe. Na zauna kan benci na gyara masa, kafin in ɗaga kai abokan aikinsa sun yi layi da nasu. Albasar Bawa kuwa aka ce kayan sayarwa ce, sai an bi da ita wani ofis. Na dubi ofishin, na dubi rana, na yi sadaka da ita ga wata mai abinci. Albasa ta tafi, warinta ya zauna a babbar rigata har Kwatano.

Abin da ya fara ba ni haushi a ƙasar Binin shi ne gaisuwa. Kalma ɗaya mutum zai jefo maka ya wuce, ba ya tambayar gida, ba ya tambayar gajiya, kamar kun kwana kuna faɗa. Na biyu, motarsu ta Kandi tana tashi a lokacin da aka ce, ko da kujera babu kowa. Ni da na saba da tashar Mafara, inda mota ba ta motsi sai an cusa mutum na ƙarshe an danna ƙofa da gwiwa, na tafi neman shayi abina. Sai hango ƙeyar mota na yi tana fita. Na bi ta da gudu, babbar riga na kama iska, masu talla na yi mini tafi. Da ƙyar na cim mata na shiga. Wata 'yar kasuwa da ke kusa da kujerata, mai Hausa gauraye da Dandanci, ta ce, "Kai ɗan Najeriya ne." Ba tambaya ta yi ba.

Ita ce ta ciyar da ni a Parakou, ta sayo mini sakwara da soyayyen cukun Fulani, na ci na gode Allah. Amma burodinsu mai kama da taɓarya ban yafe masa ba. Waje ƙarfe, ciki iska, ya kankare mini dasashi har na kasa shan abu mai zafi. Da ta ji abin da ya fito da ni, ta ce ita shekara da shekaru tana wuce shinge, abin da ta koya shi ne ka fara tambaya mene ne dokar wurin kafin ka zaro abin hannunka. Na ce mata ai wannan harkar kwamfuta ce, ba za ta gane ba.

Kwatano gari ne na 'yan acaɓa masu rawayar riga, ga su nan kamar an zubar da gero. Ɗaya ya kifa mini hular kwano a kan hulata, ya kai ni Zango, unguwar Hausawa, gidan Malam Iro mai tsire, mutumin Morai ne ta wajenmu da ya baro gida tun ina goye. Ya rungume ni kamar ɗansa, ya zaunar da ni yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ta cewa Allah ya jiƙansa, har ya daina tambaya. Ɗakin da ya ba ni tare muke da firjin namansa, yana gurnani ina gumi. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, na wanke rigata don in rabu da albasa, ta ƙi bushewa, ta ƙara da warin gumi. Tsirensa kuwa a cikin burodin nan suke cusa shi su ci. Na ce, "Malam Iro, wanga wulaƙanci hwa?" Ya ce, "Yaro, su ka biya."

Ranar taro na saka rigar da ɗanshinta na tafi otal. Sanyin ɗakin ya sa ta manne mini a jiki. Na hango wani mai kwat da taye, na ce ga oga, na je na rusuna na soma bayani. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya nuna mini inda ake ɗaukar kofin shayi, ashe ma'aikacin otal ne. Manyan da na zo nema su ne waɗancan masu 'yar shara da silifas, waɗanda in da a Mafara ne ko ɗaurin aure ba za a bar su su shiga sahun gaba ba. Ba mai riƙe wa wani jaka, ba mai cewa ranka ya daɗe, abinci ma a tsaye suke ci kamar ana korar su.

Da tambaya aka nuna mini wadda ke kula da hanyoyin babban kamfanin nan a yankinmu, wata mata 'yar ƙasar, Madam Odil. Tun daga Jega nake shirya jawabin da zan yi mata, kan yadda ake danne ƙananan garuruwa, da yadda mu ma mutane ne. Na fara da Turancina mai kyau, na kai wajen hakkin talaka, sai ta ɗaga hannu ta ce in ba ta adireshin kawai. Ta buga a kwamfutarta, ta juyo mini da fuskar na'urar.

Ta ce, "An ba ku curi guda. Wa ya yanka shi?"

Na ce mun raba ne bisa adalci.

Ta yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi. Kowace babbar na'urar da ke raba hanya a intanet tana ɗauke da taswirar hanyoyin duniya a kanta. In kowa ya daddatsa nasa ya shelanta gutsattsari, kan na'urorin zai cika. Don haka yawancin manyan kamfanoni sun tsayar da mafi ƙanƙantar curin da suke karɓa, kuma daidai girman wanda aka ba mu ne kafin mu sa masa wuƙa. Duk abin da ya gaza haka, rariyar tace hanyoyi ce ke zubar da shi. Kamfanoninmu na gida sun karɓi gutsattsarinmu don mu masu sayen layinsu ne, maƙwabtansu na kusa ma sun ɗaga musu ƙafa, shi ya sa Gusau da Legas ke shigowa. Da an tsallaka waje, babu mu.

Na ce, "To wane ne ya ba da umarnin a toshe mu?"

Ta ce, "Malam, ba wanda ya toshe ku. Ba wanda ya san da ku."

Wallahi da ta ce ƙiyayya ce da na fi jin daɗi. Mutum ya ƙetare ƙasa yana neman maƙiyinsa, a ce masa ko maƙiyi bai samu ba. Duk da haka ban manta tarbiyyar gida ba. Na zaro abin da ya rage na kilishi, bai fi tafin hannu ba, na tura mata a kan tebur, na ce ko za a ɗan duba mana. Ta ɓalla ta ci, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba. Sannan ta ce ko ta buɗe nata shingen, akwai wasu bila adadin a gaba, kuma babu mai cin kilishi a cikinsu. Magani ɗaya ne: a shelanta curin ɗungurungum ta ƙofa ɗaya, in ya shigo gida mu raba shi ta eriyoyinmu yadda muka ga dama. Aikin bai fi zama guda ba. Ta ƙara ɓallar kilishi ta ce, "Sai dai ku zaɓi wanda zai riƙe ƙofar."

Da wannan maganar na kamo hanyar gida, ba ta bar ni na lura da komai ba a dawowa. Wutar lantarkin Bawa sai ta ga dama take zuwa. Ƙarfena bai yi tsawon da zai hango garuruwan biyu ba. Mai dogon ƙarfe a kan tudu, mai wutar hasken rana da ba ta yankewa, mai layin da ya fi ƙarfi, shi ne mutumin da na fi ƙin in roƙa a duk faɗin Zamfara. Na juya lissafin nan ta kowace fuska daga Parakou har Sakkwato, kullum Maradun yake faɗawa. Da na iso gida na tarar ƙafafun Baba sun ƙara hawa, ko takalmi ba ya shiga. Ban ko kwance jaka ba sai da na nemi motar Maradun.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma wanda ya faɗi haka bai durƙusa wa Alhaji Mande ba. Ya sa aka kira Bawa a waya ya buɗe murya, ya tara yaran shagonsa da maƙwabta, ya ce in maimaita roƙon da na yi masa na ya riƙe ƙofar. Na maimaita. Ya ce, "Watau sai da kat tahi bakin teku anka hwaɗa maka ni ab babba?" Na ce haka ne, Alhaji. Ya ce, "Kashi na huɗu hwa?" Na ce naka ne, Alhaji. Ya gyara zama ya ce shi dama ba don abin duniya yake yi ba.

Da kamfaninsa suka shelanta curin guda, muka janye gutsattsarinmu, sai na ɗauko Baba a mota zuwa wurin Sista Rifkatu. Yana ta mita a hanya, wai an tashe shi daga buzunsa don a nuna shi ga talabijin. Sista ta kwantar da shi, ta shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Sai ga muryar likita ta fito tar, da Hausarsa ta Kaduna: "Baba, ina wuni? Yaya, ɗan matsa hagu kaɗan. Yawwa, tsaya nan."

Wani abu ya bayyana a gilashin na'urar, baƙi da fari, yana buɗewa yana rufewa. Baba ya daina mita. Mutumin nan ya riƙe zuciyar sa da ta rago da ta raƙumi a hannunsa tun yana saurayi, ya san ta ciki da waje, ya san inda ake tsaga ta. Ya ɗaga kai yana kallo, bakinsa a ɗan buɗe. Can ya ce a hankali, "Ashe haka takan yi in tana da rai." Na juya na fuskanci bango, don ban so Sista ta ga idona ba.

Likita ya ce zuciyar ta gaji amma ba ta sare ba. Ya sauya magani, ya ce za a riƙa dubawa lokaci lokaci, sannan ya jero abin da za a bari: gishiri, kitse, romon kai da ƙafa, da kilishi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya sa hularsa, ya dube ni.

"Nasiru, kashi na huɗu na hannun wa?"

Na ce, "Na hannun Alhaji Mande, Baba."

Ya jinjina kai. "Ka ƙare min kilishi bisa hanya, ka ba Mande kai da ƙahwa, kuma ka jawo wani daga Turai ya hana ni nama." Ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya riƙe nawa gam, bai sake ba har muka kai mota. Da na buɗe masa ƙofa sai ya ce, "Yaushe yac ce mu komo?"